Maƙerar Masu Sha'awar Rediyo: Ƙirar Eriya da Na'urori da Hannu

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa a zamanin da akwatin rediyo yake shi ne babbar kafar jin labarin duniya ya saba da jin mai gabatar da shiri yana cewa za a kama tashar a kan mita 16, ko mita 19, ko mita 25. Tun daga 1957, sa'ad da BBC ta buɗe sashenta na Hausa, waɗannan lambobi suka shiga bakin jama'a, har aka riƙa ɗaukarsu tamkar lambar gida, watau alama kawai ta inda za a tsayar da allura. Alhali kuwa mitar nan mita ce ta gaskiya, irin wadda magini yake auna fili da ita. Haka nan mai shayin da ya ɗaura guntuwar waya a eriyar rediyonsa, ya rataya ta a reshen darbejiya, ya ji murya ta ƙara fitowa, ya taɓa bakin wani ilmi mai faɗi ko da bai san sunansa ba.

Akwai mutane a sassan duniya da suka mai da wannan ilmi abin sha'awarsu. Sukan ci jarrabawa, hukuma ta ba su lasin da lambar kira, su kafa ƙaramar tasha a gida, su riƙa magana da juna daga wata nahiya zuwa wata. Lambar kiran ɗan Nijeriya tana farawa da 5N, ta ɗan Nijar da 5U, ta ɗan Gana da 9G. Sun kuma kafa kulob-kulob, inda akan keɓe wata rana a taru a ɗakin makaranta ko garejin wani daga cikinsu, a ƙera eriya da na'urori da hannu. Wannan zama shi za a kira maƙera a nan, domin ya yi kama da ita: ga wuta, ga ƙarfe, ga gwani, ga ɗan koyo yana kallon hannun gwani. Abin da laccar take son bayyanawa shi ne dalilin da ya sa maƙerar ba ta mutu ba, ko da yake masana'antu sun daɗe da cika kasuwa da na'urori masu inganci. Dalilin yana cikin halin eriya ita kanta. Rabinta waya ce, rabinta kuma wurin da aka rataya ta ne, kuma babu masana'antar da za ta iya sayar wa mutum wurin.

Ya kamata a ɗan tsaya a kan suna. Kalmar da Turawa suke kiran waɗannan mutane da ita ta samo asali ne daga kalmar Latin mai nufin so. Masu fassara sukan mai da ita "ɗan koyo", wannan kuwa kuskure ne, domin a cikinsu akwai injiniyoyi da malaman jami'a waɗanda suka shekara arba'in suna abin. Dokokin ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, sun siffanta aikin da cewa na koyar da kai ne, da sadarwa tsakanin masu yinsa, da bincike, ba tare da neman kuɗi ba. Saboda haka "mai sha'awa" ya fi dacewa. A ƙasashe da yawa kuma mai cikakken lasin yana da izinin da ba a ba sauran masu amfani da rediyo ba, watau ya ƙera na'urar aikawa da kansa ya hau iska da ita. Daga wannan izini maƙera ta samu gindin zama.

Asalin al'adar

A farkon ƙarni na 20 babu kantin da ake sayen rediyo, don haka kowane mai sha'awa maƙeri ne dole. Bayan da Marconi ya karɓi sigina daga Ingila a tsibirin Newfoundland ranar 12 ga Disamba, 1901, samari a Amurka da Turai suka dukufa naɗa waya a jikin kwali, suna aika saƙon tangaraho da tartsatsin wuta. Suka yi yawa har suka fara cusa wa jiragen ruwa hayaniya. A 1912, shekarar da jirgin Titanic ya nutse, Amurka ta yi doka ta kore su zuwa zangon mita 200 da abin da ya gaza haka. A ganin masana na lokacin, gajeren zango fako ne wanda ba ya kai saƙo nesa, an dai ba yara wurin wasa ne a huta da su.

Masu sha'awa suka haɗa kai. An kafa kulob na London a 1913, wanda ya zama ƙungiyar RSGB ta Ingila, sa'an nan Hiram Percy Maxim ya kafa ARRL a garin Hartford na Amurka a 1914. Da kayan da suka ƙera da hannu suka shiga fakon nan suka tarar ashe fadama ce. A Nuwamba 1923 Léon Deloy na birnin Nice a Faransa ya yi musayar saƙo da Fred Schnell da John Reinartz a Amurka, a kan zango na kimanin mita 100. A Oktoba 1924 wani saurayi mai shekara 18, Cecil Goyder, daga makarantar Mill Hill ta London, ya sadu da Frank Bell, mai kiwon tumaki a ƙasar New Zealand, nisan da kusan babu wanda ya fi shi a bayan ƙasa. Sirrin kuwa shi ne akwai wani rufi na iska mai ɗauke da lantarki can sama, wanda ake kira ayonosfiya, yana tankwaso gajeren zango ya dawo da shi ƙasa, ƙasa ta sake cilla shi sama. Tsalle guda yana iya kai kilomita 4,000. Manyan tashoshi suka biyo bayan yaran, kuma ta wannan hanya ce muryar London da ta Kolon suka riƙa isowa Kano da Damagaram.

Yadda ake yanka eriya

Aikin farko da akan sa ɗan koyo a yawancin maƙeru shi ne eriya mai hannu biyu. Kayanta ba su da yawa: wayar jan ƙarfe irin ta wutar gida, da guntayen bututun roba guda uku, da igiya, da kebul mai sulke wanda zai sauko da sigina zuwa ɗaki. Kafin a taɓa filaya sai an yi lissafi a allo.

Igiyar rediyo tana tafiya kilomita 300,000 a daƙiƙa. Tana kuma kaɗawa, ana ƙirga kaɗawar da megahaz, watau sau miliyan a daƙiƙa. In aka raba 300 da yawan megahaz, abin da ya fito shi ne tsawon zango a mita. Tashar da ke kaɗawa a megahaz 15 zangonta mita 20 ne, wadda ke megahaz 12 kuwa mita 25. Ga ma'anar mitar da mai gabatar da shiri yake faɗa. To, waya takan amsa wa igiyar da ta dace da tsawonta, kamar yadda tsirkiyar garaya take da muryar da tsawonta ya ba ta, in aka danne ta da yatsa muryar ta canza. Tsawon da ya fi sauƙin amsawa shi ne rabin zango. Sai dai saboda abin da ke faruwa a bakin waya, akan rage kimanin kashi 5 cikin 100, shi ya sa lissafin da kowane mai sha'awa ya haddace shi ne a raba 143 da yawan megahaz. Alal misali, mai son aiki a megahaz 7.1, a zangon da ake kira mita 40, zai samu mita 20 da 'yan santimita, watau kowane hannu mita 10 da ɗan ɗori.

A nan gwani yakan hana ɗan koyo yanka daidai lissafi. Sai a ƙara kamar rabin mita, domin ragewa ta fi ƙari sauƙi. A ɗaure hannuwan biyu a guntun bututu na tsakiya, a liƙa cibiyar kebul a hannu guda da dalma, sulkensa kuma a ɗaya hannun, a shafe wurin da abin da zai hana ruwa shiga. Ruwan da ya shiga cikin kebul yakan ci sulken a ɓoye, mai shi ya yi wata da watanni yana zargin rediyonsa. Akan kuma naɗe kebul ɗin zagaye da yawa dab da tsakiyar, ko a zura shi cikin zoben ferait, don kada lantarki ya biyo bayan sulke ya sauko ɗaki, ya shiga talabijin ɗin maƙwabta, ko ya ɗanɗana wa mai magana zafi a leɓe in ya taɓa makirfo.

Sa'an nan a ja eriya sama a auna. Wannan shi ne zuciyar zaman. Kowace eriya tana da turjiyar da take yi wa lantarki, ana auna ta da om. Mai hannu biyu, in tana sarari nesa da kome, turjiyarta wajen om 73 ce. Kebul da na'urar aikawa kuwa an gina su a kan om 50. In turjiyar ta saɓa, wani kashi na ƙarfin da aka aika yakan komo da baya, akwai kuma ma'aunin da ke nuna yawan komowar. In ya nuna 1.5, kashi 4 cikin 100 ne ya komo. In ya nuna 2, kimanin kashi 11. In ya kai 3, rubu'i ke nan. Mai awo yakan bi kaɗawa ɗaya bayan ɗaya har ya ga inda allura ta fi sauka. A ce an yanka mita 20.6, aka tarar ta fi amsawa a megahaz 6.9 maimakon 7.1. Waya ta yi tsawo ke nan. Sai a ninka 20.6 da 6.9, a raba da 7.1, a samu mita 20 da kaɗan. Za a rage kusan santimita 58, watau 29 a kowane hannu. A sauke, a lanƙwasa bakin waya maimakon a datse, a sake ja sama, a sake aunawa. Sau uku ko huɗu akan yi haka, masu riƙe da igiya suna ta gunaguni.

Mai tambaya zai ce, in lissafi gaskiya ne, me ya kawo hawa da sauka? Amsa ita ce lissafin bai san gidan ba. Bai san tsayin da aka samu ba, ko rufin kwano da ke ƙarƙashi, ko tankin ruwa, ko robar da ke jikin wayar, wadda ita kaɗai takan sa a rage tsawo da ɗan kashi. Wayoyi biyu da aka yanka daga naɗi guda, aka kai gidaje biyu, ba za su amsa a wuri guda ba. Wanda ya sayi eriyar kanti ma sai ya yi wannan hawa da sauka, bambancinsa da maƙeri kawai shi ne bai san dalili ba.

Akwai wani ruɗi da yakan kama sabon shiga, watau ya ɗauka in allura ta sauka zuwa 1 to eriya ta yi kyau. Maganin wannan ruɗi shi ma a maƙera ake ƙera shi. Akan ɗauki rizisto guda 20, kowanne na om 1,000, a jera su kafaɗa da kafaɗa, su ba da om 50 cif, a tsoma su cikin gwangwanin fenti cike da mai don su sha zafi. Wannan ita ce eriyar ƙarya, ana amfani da ita wajen gwada na'ura ba tare da an dami kowa a iska ba. Ma'auni yakan nuna mata 1, mafi kyawun sakamako, amma ko maƙwabci ba zai ji ta ba, domin duk ƙarfin zafi ya zama. Injiniya Walter Maxwell ya yi jerin rubuce-rubuce a mujallar QST tun daga 1973 yana warware wannan ruɗi, har yau kuwa ana maimaita darasin, don kowace shekara da sababbin ɗalibanta.

Ƙasa da tsayi

Abin da ya fi awon komowa muhimmanci shi ne inda sigina ta nufa. Ƙasa tana aiki kamar madubi a ƙarƙashin eriya. In aka ɗaga mai hannu biyu tsayin rabin zango, ƙarfinta yakan fita a karkace, wajen digiri 30 daga doron ƙasa, ya tafi nesa. Ga zangon mita 40 wannan na nufin tsayin mita 20, abin da ba kowa ke da bishiyarsa ba. In aka bar ta ƙasa-ƙasa, mita biyar ko shida, ƙarfin sama yake miƙewa, ya bugi rufin nan ya zubo kamar ruwan sama a kewayen ɗaruruwan kilomita. Mai farautar ƙasashe masu nisa yana ganin wannan aibi ne. Amma wanda ke Kano yana son Sakkwato da Maraɗi da Maiduguri, ko masu aikin agaji a ranar da ambaliya ta ɗauke wayoyi, ita ce daidai bukatarsu. Saboda haka tambayar farko da gwani yake yi wa wanda ya zo ƙira ita ce, wa kake so ya ji ka?

Eriya mai tsayuwa, wadda take sanda guda ce mai tsawon rubu'in zango, ta fi dogara ga ƙasa, domin ƙasar ce take zame mata hannu na biyu. A bakin teku ko a fadama takan yi abin mamaki. A kan marmara ko yashi da rani kuwa, busasshiyar ƙasa takan shanye ƙarfin. Magani shi ne a shimfiɗa wayoyi daga gindin sandar zuwa kowace fuska kamar haƙarƙarin laima. Binciken da wasu injiniyoyi uku na kamfanin RCA, Brown da Lewis da Epstein, suka buga a 1937 shi ya sa manyan tashoshin matsakaicin zango suke binne irin waɗannan wayoyi har 120. Mai sha'awa yakan wadatu da 16 ko 30, gwargwadon fili da aljihu da ƙarfin bayan 'yan kulob.

Kowace ƙasa kuma da nata sharrin. A inda hunturu yake kaɗawa, ƙura mai gogar doguwar waya takan tara mata lantarki har tartsatsi ya riƙa tashi a bakin kebul, ya ƙona taransistar farko ta na'urar karɓa. Don haka akan sa rizisto mai yawan om tsakanin wayar da ƙasa, ya riƙa tsiyayar da lantarkin a hankali. Da damina abin tsoro aradu ce, maganinta kuwa a cire kebul daga na'ura tun hadari yana nesa. Amma hatsarin da maƙeru suka fi nanata gargaɗi a kansa shi ne wayar wutar gari. Dokar da ake koya wa ɗan koyo kafin a ba shi sanda ita ce ya duba ko'ina sandar za ta iya faɗuwa, in akwai wayar wuta a inda kanta zai kai, to a canza wuri.

Eriya mai fuska

Bayan mai hannu biyu akan wuce zuwa eriyar da ke tara ƙarfinta fuska guda, kamar tocila. Wadda ta fi shahara ita ce irin mai kama da ƙashin kifi da ake gani a kan rufin gidaje don talabijin. An ƙirƙiro ta a 1926 a Jami'ar Tohoku da ke Sendai a Japan. Shintaro Uda ne ya yi yawancin aikin, amma Hidetsugu Yagi ne ya buga bayaninsa da Turanci a 1928, sai duniya ta san eriyar da sunan Yagi. Wannan darasi ne ga masu nazarin harshe: sau da yawa suna yakan bi wanda ya yi magana da harshen da ake ji. Tsarinta kuwa, ana sa mai hannu biyu a tsakiya, a sa wata sanda a bayanta wadda ta ɗara ta tsawo da kimanin kashi 5 cikin 100, a sa wata a gaba wadda ta gaza ta da kamar haka. Sandunan nan biyu ba a haɗa su da kebul. Igiyar da ta fito daga ta tsakiya ita ke motsa su, su ma su fitar da tasu, wadda take ƙarfafa ta gaba ta raunana ta baya. Sanduna uku sukan ninka ƙarfin da ke zuwa gaba sau uku zuwa huɗu.

A zangon mita 2, inda kowace sanda take wajen mita guda, kulob-kulob sukan ƙera ta da bututun ruwa na roba da tef ɗin awo na ƙarfe irin na kafinta. Tef ɗin yana lanƙwashewa in ya bugi reshe ya sake miƙewa, don haka ya dace da wasan da ake kira farautar dila, inda ake ɓoye ƙaramar na'urar aikawa a daji a bi ta da eriya a hannu. Kada a raina tef ɗin. Tauraron ɗan'adam da ɗaliban Jami'ar Melbourne ta Ostireliya suka ƙera, Australis-OSCAR 5, wanda aka harba a Janairu 1970, da irin wannan tef aka yi masa eriya, aka naɗe shi a jikinsa, ya buɗe da kansa a sararin sama.

Wata eriyar kuma wuri ne ya haife ta kai tsaye. A farkon shekarun 1940 tashar HCJB da ke Kito, babban birnin Ekwado, mai tsayin kimanin mita 2,850 daga teku, ta tarar bakin sandunan eriyarta yana tartsatsi yana narkewa saboda ƙarancin iskar tudu. Injiniyanta Clarence Moore, wanda shi ma mai sha'awa ne, ya ga in bakin sanda ne matsala to a yi eriyar da ba ta da baki. Ya lanƙwasa waya mai tsawon zango guda ta zama murabba'i. Masu sha'awa suka karɓe ta, musamman a ƙasashe masu zafi, domin sandunan gora ne kawai take bukata su riƙe kusurwoyinta.

Na'urorin kan tebur

Labarin na'ura ya bambanta da na eriya, a nan kam masana'antu sun yi rinjaye. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu rarar kayan soja ta cika kasuwa, aka riƙa saye ana gyarawa. Kamfanin Heath na Amurka ya shahara da sayar da kaya a warwatse tare da littafin haɗawa, har zuwa 1992 da ya daina. Daga shekarun 1970 na'urorin Japan, irin su Yaesu da Kenwood da Icom, suka mamaye tebur, kuma babu mai ƙarfen dalma a gareji da zai ƙera kamarsu a kan farashinsu. Masu ƙira sai suka koma inda masana'anta ba ta damu da shi ba, watau ƙanana masu ƙarfin wat 5 ko ƙasa da haka.

Wannan ba hauka ba ne. Ma'aunin ƙarfin sigina a na'urar karɓa yana hawa mataki guda ne in ƙarfi ya ninka sau huɗu. Wanda ya sauko daga wat 100 zuwa wat 5 ya yi asarar mataki biyu da ɗan kai, in kuwa eriyarsa tana da kyau, kuma da tangaraho yake aiki, za a ji shi a wata nahiya. A Mayu 1976 Doug DeMaw ya buga tsarin wata na'urar aikawa mai taransista biyu, wadda ƙarfinta bai kai rabin wat ba, an ɗora ta a kan gwangwanin kifi, kuma har yau kulob-kulob suna ƙera ta a zama guda. A Ingila wani limamin coci, George Dobbs, ya kafa kulob na masu ƙaramin ƙarfi a 1974. A farkon shekarun 2000 Ashhar Farhan na birnin Hyderabad a Indiya ya fito da BITX, na'urar magana wadda ya tsara da kayan da ake samu a kasuwar garinsu, har da zoben roba na kan famfo da ya naɗa wa waya a madadin zoben da ake odarsa daga waje. Wannan misali ya fi kusa da halin mai gyaran rediyo na Sabon Gari, wanda tebur ɗinsa yake cike da matattun akwatuna masu sauran amfani.

Hanyar haɗawa ita ma an sauƙaƙa ta. Maimakon a zana allo a wanke shi da sinadari, sai a ɗauki allo mai fuskar jan ƙarfe a liƙa kayan a kai tsaye, ƙafafunsu a sama. Wes Hayward da ɗansa Roger suka yaɗa wannan hanya a 1981, masu yinta da kansu suke kiranta mummunar ƙira. Munin nata bai hana ta aiki ba, domin faffaɗan jan ƙarfen yana hana sassan na'urar jin juna. Ɗan koyo yakan gina mataki guda, a gwada, sa'an nan ya wuce, don in abu ya lalace a san inda za a duba. A nan yake koyon bambanta dalmar da ta kama, mai sheƙi da santsi, da wadda ta daskare a dunƙule, wadda za ta yi aiki yau ta ƙi gobe. A nan kuma ake hana shi hawa iska sai ya sa rariya a bakin na'urar. Na'urar da ke aiki a megahaz 7 tana fitar da 'ya'ya a 14 da 21 da sama, in ba a tace su ba sai su faɗa gonar wasu, lasin kuwa an ba da shi ne bisa sharaɗin mai shi zai tsare wannan.

Dalili guda da ya daɗe yana tara mutane a maƙera shi ne tsadar kayan awo. Kulob yakan mallaki na'ura guda, kowa ya kawo abin da ya ƙera a ɗora. Wajen 2019 wata 'yar ƙaramar na'ura mai suna NanoVNA ta bazu a kasuwa, girmanta kamar tafin hannu, tana zana halin eriya a fuskarta, aikin da a dā sai ɗakin gwaji na jami'a. An zaci wannan zai watsa taron, tun da kowa ya samu nasa ma'auni. Amma zanen da take nunawa yana bukatar mai karantawa, kuma ja da sauke waya mai mita 20 yana bukatar mutum uku: ɗaya a kowace igiya, ɗaya a kan ma'auni.

Sabon aikin da ya shigo maƙeru a 'yan shekarun nan ya shafi Afirka kai tsaye. Tauraron farko na masu sha'awa, OSCAR 1, an ƙera shi ne a garejoji a Kalifoniya, aka harba shi ranar 12 ga Disamba, 1961, shekara 60 cif bayan siginar Marconi, ya yi kimanin mako uku yana aiko gaisuwa da harufan tangaraho. Irinsa duk wucewa suke yi, a same su 'yan mintoci su ɓace. A Nuwamba 2018 aka harba tauraron Es'hail-2 na ƙasar Ƙatar, ɗauke da sashen masu sha'awa da ake kira QO-100, aka buɗe shi a Fabrairu 2019. Shi yana tafiya ne daidai da juyawar duniya, don haka a tsaye ake ganinsa, kuma inuwarsa ta rufe Afirka duka, daga gabashin Barazil har Tailan. Ana aika masa a megahaz 2,400, a karɓa a wajen 10,500. Kayan karɓar kuwa su ne farantin talabijin na kan rufi da ƙoƙon da ke bakinsa, irin waɗanda ake sayarwa a kowace kasuwa daga Agadas zuwa Kumasi. Abin da ya rage wa maƙeri shi ne eriyar aikawa, kuma a wannan kaɗawa zango santimita 12 da rabi ne kacal. Akan naɗa wayar jan ƙarfe mai kauri zagaye uku ko huɗu a jikin guntun bututu, a kafa ta a gaban ƙoƙon tana fuskantar farantin. Lissafin dai shi ne na 300 a raba da megahaz.